Makonnin Fari A Ajin Ƙirƙirarriyar Basira

Wata ranar Asabar da la'asar ina zaune a ƙofar gida ina duba littattafan 'yan ajina, sai na ji sallama. Da na ɗaga kai, ashe wani yaro ne da na koya wa lissafi shekarun baya. Yanzu ya zama saurayi, yana karatu a wata kwalejin kimiyya da fasaha. Ya durƙusa muka gaisa, na miƙa masa kujera. Jakar kwamfutarsa tana rataye a kafaɗa, amma fuskar nan tasa ba walwala.

Na ce, "Lafiya dai, ɗana? Ai ba a yi hutu ba tukuna."

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, so nake in bar kwas ɗin nan. Mako uku ke nan da muka soma darasin ƙirƙirarriyar basira, ban kama kome ba. Na zaci za a koya mana hira da na'ura, da yadda ake ƙera mutum-mutumi. Ashe lissafi ne zalla. Aikin gida na fari ma kwana huɗu ina fama da shi, kwamfuta sai jan rubutu take fito mini da shi."

Na san gidansu. Na kuma san buhunan masara nawa mahaifinsa ya kai kasuwa kafin a sayi kwamfutar da ke cikin jakar nan. Saboda haka ban ɗauki maganar da wasa ba. Na ce ya koma makaranta ran Litinin, amma ya bar mini kwafin takardun darasin. Ni malamin makaranta ne, ba gwanin kwamfuta ba, duk da haka na yi ta binsu dare-dare har na ga inda aka nufa. Abin da na gano shi nake so in shimfiɗa a nan, domin samari da 'yammata masu shirin shiga irin wannan aji, da kuma iyayensu.

WANE IRIN ILIMI NE?

Ƙirƙirarriyar basira, wadda ake kira AI a taƙaice, ita ce ilimin sa kwamfuta ta yi aikin da in mutum ne ya yi shi za mu ce ya yi tunani. Misali, neman hanya mafi kusa, ko gane fuska a hoto, ko juya magana daga wani harshe zuwa wani.

Mutane da yawa sun soma jin labarinta ne bayan fitowar ChatGPT a watan Nuwamba na 2022, suna tsammani jiya aka haife ta. Ba haka ba ne. Tun a 1950 wani masanin lissafi na Ingila, Alan Turing, ya yi rubutu a kan ko na'ura tana iya tunani. A 1955 John McCarthy da abokansa uku suka raɗa wa ilimin suna, cikin takardar da suka nemi kuɗin yin taro da ita. An yi taron a 1956 a Kwalejin Dartmouth ta Amurka. Shirinsu shi ne mutum 10 su zauna wata 2, suna sa rai za su ci ƙarfin aikin. To, ga shi yau kusan shekara 70, ba a gama ba. In manyan masana sun raina nauyin kayan nan da fari, ba abin kunya ba ne ɗalibi ya ji nauyinsa a mako na uku.

Yanzu ilimin ya iso ƙofar gidanmu. A 2024 hukumar NBTE, mai kula da kwalejojin kimiyya da fasaha na Nijeriya, ta raba babbar difloma ta ilimin kwamfuta gida huɗu, ɗaya daga ciki kuwa ƙirƙirarriyar basira ce. Watau 'ya'yanmu da yawa za su iske kansu a wannan aji.

ABIN DA AKE KOYARWA

Domin mu ga abin da ke ciki, bari mu ɗauki kwas guda wanda ya yi suna. Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley tana da kwas na masu farawa mai lamba CS 188. Laccocinsa da ayyukansa suna intanet kyauta, malamai a ƙasashe da dama kuma suna aro daga cikinsu. Littafin da aka fi dogara da shi a irin wannan kwas, Stuart Russell da Peter Norvig ne suka rubuta shi. An fara buga shi a 1995, bugu na huɗu ya fito a 2020, ana kuwa aiki da shi a makarantu fiye da 1,500. Duk inda ɗanka yake karatu, da wuya abin da za a koya masa ya yi nisa da waɗannan abubuwa huɗu.

Na fari, neman hanya. A ce direba zai tashi daga Jos zuwa Kano. Hanyoyi suna da yawa, a kowace mararraba kuma sai ya zaɓa. Mutum yakan zaɓa da sabo, amma kwamfuta ba ta da sabo, sai an tsara mata matakai ɗaya bayan ɗaya. Wannan tsarin matakai shi ake kira algoridim, sunan kuwa ya samo asali ne daga al-Khwarizmi, masanin lissafi da ya yi zamani a Bagadaza a ƙarni na 9. Akwai tsarin da kwamfuta take kama hanya ɗaya ta bi ta har ƙarshe, in ta toshe ta komo baya. Akwai wanda take duba dukan garuruwan kusa tukuna kafin na nesa. Akwai kuma wanda ya fi su wayo, ana ce da shi A mai tauraro, wanda masana uku suka fito da shi a 1968 sa'ad da suke aikin wani mutum-mutumi mai suna Shakey. Shi wannan, a kowace mararraba yakan haɗa nisan da aka riga aka ci da kintacen nisan da ya rage, sa'an nan ya bi inda jimlar ta fi ƙanƙanta. Muddin kintacen bai zarce ainihin nisan ba, lalle zai kai ga hanya mafi kusa. A Berkeley ɗalibai suna gwada wannan da Pac-Man, wani wasan kwamfuta da ya fito daga Japan a 1980, inda wani ɗan abu mai baki yake yawo cikin lunguna yana cin ɗigo-ɗigo.

Na biyu, wasa da abokin gāba. Duk wanda ya taɓa zama gindin bishiya yana kallon dara ya san wannan. Gwani ba ya ɗaga ɗa sai ya ce a ransa, "In na sa nan, shi zai sa can, ni kuma in yi kaza." Haka ake koya wa kwamfuta: ta ɗauka abokin wasanta zai zaɓi abin da ya fi cutar da ita, ita kuma ta zaɓi abin da zai rage cutar. Wahalar ita ce yawan rassa. In kowane taku yana da zaɓi 10, duba taku 6 a gaba yana nufin hanyoyi 1,000,000. Taku 9 kuwa, hanyoyi 1,000,000,000. Don haka ake koyar da dabarun sare rassan da ba su da amfani. Da irin wannan dabara, haɗe da na'ura mai saurin gaske, Deep Blue ta kamfanin IBM ta ka da Garry Kasparov, zakaran darar Turawa na duniya, a 1997.

Na uku, lissafin yiwuwa. Duniya ba allon dara ba ce, ba kome ake gani a fili ba. Manomi ba shi da tabbacin ranar saukar ruwa, likita ba ya ganin cikin ciki da idonsa. Ga wani misali da na tsara wa 'yan ajina. A ce a wani gari mai mutum 1,000, mutum 10 ne suke da wata cuta. Akwai gwajin da yake kama 9 cikin masu cutar 10, amma yakan yi kuskure ya nuna cutar a jikin mutum 1 cikin kowane lafiyayyu 10. In aka gwada kowa, masu cutar 9 za su fito, lafiyayyu 99 su ma za su fito, jimla 108. To, wanda aka ce masa gwaji ya nuna cuta, yiwuwar yana da ita 9 ce cikin 108, watau 1 cikin 12. Yawancinmu da mun ce 9 cikin 10. Wannan hanyar lissafi tana ɗauke da sunan Thomas Bayes na Ingila, wanda aka buga aikinsa a 1763 bayan rasuwarsa. A nan ne ɗalibai da yawa suke tuntuɓe, gama lissafin yakan saɓa wa abin da zuciya ta fara raya musu.

Na huɗu, koyo daga misalai. Maimakon a faɗa wa kwamfuta ƙa'ida, sai a nuna mata misalai masu yawa ta tsamo ƙa'idar da kanta. Akwai wani sanannen tarin hotuna 70,000 na lambobi daga 0 zuwa 9 da mutane suka rubuta da hannu, wanda kusan kowane mai farawa yake gwaji da shi. Akan koya wa kwamfuta da 60,000, a ɓoye 10,000. In ta gama koyo, sai a jarraba ta da waɗanda aka ɓoye. Me ya sa? Kowane malami ya san amsar. Yaron da ya haddace amsoshin bara, in ka sāke lambobin tambaya sai ya tsaya yana kallon rufi. Kwamfuta ma takan yi haddar da ba fahimta: ta ci duka a kan abin da ta taɓa gani, ta fāɗi a kan sabo. Ka riƙe wannan, mai karatu, za mu komo kansa.

BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA

Da na gama bin takardun, sai na ga ciwon yaron nan ba a ƙirƙirarriyar basira yake ba. A guzuri yake. Ya shiga mota ba tare da abubuwa uku ba.

Guzuri na fari lissafi ne. Ba wani lissafi na ban tsoro ba: kashi cikin ɗari, da ɓangarorin lamba, da aljabara ta sakandare, da lissafin yiwuwa. Daga baya za a bukaci jeren lambobi da ake kira matiriks, da ɗan abin da ya shafi kalkulas. A Berkeley ma ba a son ɗalibi ya shiga CS 188 sai ya riga ya yi kwas na rubuta umarnin kwamfuta da na lissafin yiwuwa. Wanda ya san yana da rauni a nan, ya ɗauko tsohon littafinsa na sakandare tun kafin a buɗe makaranta. Babu kunya a ciki.

Na biyu, harshen kwamfuta. Wanda aka fi aiki da shi a wannan fage shi ne Python, wanda wani mutumin Holan, Guido van Rossum, ya fitar a 1991. Kyauta ne, ba a biyan ko kwabo. A kwas ɗin Berkeley, aikin fari ba shi da wani nufi sai ɗalibi ya saba da Python ya ga na'urarsa tana aiki. Jan rubutun da ya firgita ɗalibina kuwa, ba zagi ba ne. Kwamfuta ce take faɗa masa layin da kuskure yake da irin kuskuren. Da ya komo muka karanta shi tare a hankali, sai muka iske ya manta ɗigo biyu ne a ƙarshen wani layi, a wani wurin kuma bai tura layi ciki yadda Python take so ba. Kwana huɗu a kan ɗigo biyu! Ba don ba shi da ƙwaƙwalwa ba, sai don tsoro ya hana shi karanta abin da ke gabansa.

Na uku, Turanci na karatu. Littattafan da Turanci suke, kalmominsu kuma baƙi ne har ga masu Turancin. Ɗalibi ya sayi ƙaramin littafin rubutu, duk kalmar da ya ci karo da ita ya rubuta, ya sa ma'anarta da Hausa irin ta bakinsa. Abin da ka kāsa faɗa wa ƙanenka da Hausa, ba ka gane shi ba tukuna.

Game da kayan aiki, kada a tsorata iyaye da cewa sai kwamfuta mai tsadar gaske. Ayyukan kwas na fari, kwamfutar tafi-da-gidanka matsakaiciya ta ishe su. In an zo ga aiki mai nauyi, akwai wurare a intanet irin su Google Colab inda ake aron ƙarfin na'ura. Abin da ya fi damun ɗalibanmu shi ne wuta da kuɗin data. Mai hikima yakan saukar da laccoci da littattafai a ajiye sa'ad da ya sami intanet mai kyau, yakan kuma ajiye kwafin aikinsa a wuri biyu.

JARRABAR DA KE CIKIN ALJIHU

Akwai abin da ɗaliban yau suke fuskanta wanda mu ba mu sani ba a zamaninmu. Aikin gida da zai ci maka kwana uku, in ka miƙa wa ChatGPT ko 'yan'uwanta, kafin ka sha ruwa ta rubuto maka amsa. Yaron nan ya faɗa mini gaskiya, ya ce abokansa da dama haka suke yi, suna kuwa yi masa dariya don yana wahalar da kansa.

Na ce masa, "Ɗana, ka tuna hotuna 10,000 da ake ɓoyewa?" Ya ce ya tuna. Na ce, "To, kai ma akwai naka da aka ɓoye. Ran jarrabawa za a fito da su, ran neman aiki kuma a fito da sauran."

Zanen aro ba ya rufe katara. Ɗalibin da na'ura take yi wa aiki ya zama daidai da kwamfutar da ta yi hadda ba fahimta. Ya fi ta hasara ma, gama ita ba a sayar da masara domin ta ba. Banda haka, miƙa aikin da ba naka ba da sunanka ƙarya ce, ko an kama ka ko ba a kama ka ba.

Har wa yau, waɗannan na'urori sukan yi kuskure, su faɗe shi da ƙarfin hali kamar gaskiya. An gina su ne su kintaci kalmar da ta dace ta biyo baya, ba su da tabbacin abin da suke faɗa. A 2023 wata kotu a birnin New York ta ci waɗansu lauyoyi tarar dala 5,000 domin sun gabatar da shari'o'in da ChatGPT ta ƙaga, waɗanda ba a taɓa yinsu ba. Wanda bai koyi aikin da hannunsa ba, da me zai gane an ba shi jabu?

Ba cewa nake a guje su ɗungum ba. Kowane malami yana da dokarsa a kan wannan, ɗalibi ya tambaya tun ran fari, ya kuma kiyaye ta. Inda aka yarda, ana iya tambayar na'ura ma'anar kalma, ko a ce ta bayyana saƙon kuskure, ko ta kawo tambayoyin gwaji. Amma tunanin da aka ba ka domin ƙwaƙwalwarka ta yi ƙarfi, kai za ka yi shi. Ba a aika wani ya ci maka tuwo.

SHAWARA BIYAR GA MAI FARAWA

Farawa ba wuya. A 2011 Sebastian Thrun da Peter Norvig na Jami'ar Stanford suka buɗe kwas ɗinsu na masu farawa ga duniya duka ta intanet, kyauta. Mutum wajen 160,000 suka rubuta suna. Waɗanda suka kai ƙarshe wajen 23,000 ne, watau kamar 1 cikin 7. Ga abin da nake gani zai taimaki ɗalibi ya kasance cikin masu kaiwa.

1. Ka karanta takardar tsarin kwas tun ran da aka ba ka. Ka rubuta ranakun miƙa aiki da na jarrabawa a inda idonka zai riƙa gani.

2. Ka yi da fensir kafin ka yi da kwamfuta. Ka zana garuruwa 6 da hanyoyinsu a takarda, ka bi matakan da hannunka kamar kai ne na'urar. Abin da ka iya bi a takarda, rubuta shi ba zai gagare ka ba.

3. Ka soma aikin gida ran da aka ba da shi, ko da na rabin sa'a ne. Irin wannan aiki ba ya yiwuwa a dare ɗaya, gama kuskure ɗaya yana iya cinye daren duka. Sau da yawa abin da ya gagara da dare, da safe sai ka gan shi a fili.

4. Ka yi tambaya. Matambayi ba ya ɓata. Amma ka je da tambaya mai kai: ga abin da na yi, ga abin da na sa rai, ga abin da ya fito. Malami ya fi jin daɗin wannan da "Ban gane kome ba."

5. Ka nemi abokai biyu ko uku masu himma. Ku tattauna dabarar tare, sa'an nan kowa ya koma ya rubuta nasa. Wanda ya bayyana wa wani darasi, shi ya fi cin ribarsa. Mu malamai shaida ne.

GA IYAYE

Uwa ko uba yana iya cewa, "Ni da ban san kan kwamfuta ba, me zan iya yi?" Da yawa. In ɗanku ko 'yarku ta zo hutu, ku ce ta bayyana muku abu ɗaya da ta koya, da Hausa, har ku gane. In ta iya, karatu yana shiga. In sai manyan kalmomin Turanci take jerowa, ku sāke tambaya cikin haƙuri.

Kada ku ɗora wa yaro zancen kuɗi tun yana mako na fari. Ana ta baza labari cewa duk wanda ya koyi wannan ilimi ya tsallake talauci. Kwas na fari tushe ne kawai, ba a kwana a cikin tushe. Kada kuma a ce wannan karatun maza ne. Lissafi bai san ɗankwali ko hula ba, a ajina kuwa sau da yawa 'yammata ne suke gaba.

In kuka ga yaro ya yi sanyi a makonnin fari, kada ku yi saurin cewa ya kāsa, kada kuma ku rufe shi da faɗa. Ku bincika inda ciwon yake. Watakila lissafin baya ne, watakila rashin wuta, watakila kunyar tambaya. Kowanne yana da magani.

AKWAI GURBIN DA KE JIRANKU

Wani zai ce, tun da Turawa da Sinawa sun yi nisa, me ɗan ƙauyenmu zai ƙara? Mu tuna, na'ura tana koyo ne daga misalan da aka ba ta. Abin da ba a nuna mata ba, ba ta san shi ba. A 2018 wasu masu bincike biyu, Joy Buolamwini da Timnit Gebru, suka gwada manhajoji uku na kamfanoni masu duba fuska su faɗi ko namiji ne ko mace. A kan fararen maza kuskuren bai kai kashi 1 cikin 100 ba. A kan mata baƙaƙe kuwa, a wata manhajar ya kusa kashi 35 cikin 100. Sai da waɗanda abin ya shafa suka shiga fagen kafin a ga wannan aibi a fili.

Haka yake ga harshenmu. Google Translate ta sa Hausa cikin harsunanta a 2013, amma rubutun Hausa da ke intanet kaɗan ne in an gwada da na Turanci. Ga shi kuma ba mu rubuta karin sauti da tsawon wasali. "Gari" na zama da "gari" na tuwo iri ɗaya muke rubuta su, haka "fari" na launi da "fari" na rashin ruwa. Bahaushe yana rarrabewa ba tare da ya tsaya tunani ba, na'ura kuwa sai ta ga misalai masu yawa. Akwai ƙungiyoyin masu bincike irin su Masakhane, mai aiki a kan harsunan Afirka, da HausaNLP, mai aiki a kan Hausa. Irin wannan aiki yana bukatar mutanen da suka sha harshen a nono, suka kuma iya lissafin. Wanda ya tsaya a hira da na'ura kaɗai, mai saye ne a kasuwa. Wanda ya jure wa lissafin, shi zai iya gyara abin in ya karkace.

Yaron nan bai bar kwas ɗin ba. Mun yi Asabar uku muna bin lissafin yiwuwa da ƙwayoyin wake da na masara a kan tabarma, yana ta dariya wai an mai da shi aji huɗu. Bayan wata guda ya aiko mini da ɗan gajeren hoto mai motsi a waya: ga ɗan abin nan mai baki yana ratsa lunguna shi kaɗai, bai ɓata ba har ya kai inda aka nufa. A ƙasa ya rubuta, "Malam, da hannuna na yi." Ban san makin da zai ci a ƙarshen zango ba, akwai kuma darussa masu wuya a gabansa. Amma ya koyi karanta jan rubutu ba tare da gabansa ya fāɗi ba, ya kuma ɗanɗana daɗin aikin da yake nasa.

Kai da za ka shiga ajin nan bana, ke ma da za ki shiga, ku shirya guzuri tun yanzu, ku yi tambaya, ku yi aikinku da hannunku. Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya ba da sa'a.